Babur Ɗin Da Ya Fi Ƙafar Baba Tsawo

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki da yara da Baba. Ni ƙalau nake, sai ciwon bayan nan na durƙuso a ɗakin injin jirgin ruwa, shi ma da sauƙi. Kin san in mun shiga ruwa waya ba ta kamawa, in kuma mun fito na kira, Baba ke karɓe wayar ya yi ta jera min "lafiya lau" har kati ya ƙare. Shi ya sa na ce bari in rubuto.

Albishirinki. Na saya wa Baba babur. Ba irin tsohon nan nasa mai tari ba, babur na doguwar tafiya, wanda ake ƙera wa masu ratsa daji da duwatsu. Kada ki fara cewa na yi ɓarna, a cikin irinsu shi ne mai araha.

Kin san tun da yayansa Baffa ya rasa ganinsa, Baba bai taɓa fashin zuwa wurinsa duk mako ba, kin kuma san hanyar, daga rafi zuwa gidan ba abin da ke bi sai babur. Duk sanda na tuna tsoho a kan wancan gwangwanin yana gargada, sai abinci ya fita raina. Don haka ban yi gaggawa ba, na bincika komai. Tankinsa babba ne, in an cika sai an manta ranar da aka sha mai. Tayoyin masu haƙora ne, ba ruwansu da laka ko yashi. Cikinsa a sama yake, zai ƙetare rafi ruwa bai taɓa salansa ba. Akwai gilashin tare iska, da akwati biyu a gefe na zuba kaya. Na tambayi mai shagon kayan gyara, ya ce kada in damu. Na hau da kaina na zagaya harabar shagon, wallahi Yaya kamar don ni aka ƙera shi.

Motar kaya za ta kawo shi. Ki ba ni labarin fuskar Baba.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na makaranta, ƙugun Baba yana nan yadda ka san shi, in an yi sanyi ya motsa. Ɗinki ya yi min yawa, idona har yaji yake.

Kayanka ya iso. Motar ba ta iya shigowa lungu ba, a bakin titi aka sauke, unguwa ta fito kamar an ce ana rabon wani abu. Da aka fasa akwatin katakon, wata maƙwabciya ta tambaye ni ko injin niƙa ka aiko min. Baba ya shiga ɗaki ya sako rigarsa ta fita, ya dawo ya tsaya kusa da shi yana amsa barka.

Ka tuna Dogo mai burodi, wanda ke kai burodi ƙauyukan bayan rafi a kan keke? Yana cikin taron yana ta zagaya babur ɗin yana haɗiyar yawu. Sai Baba ya zaro makullin tsohon babur ɗinsa daga aljihu, a gaban kowa, ya miƙa masa ya ce, "Riƙe, ka huta da keke. Ni ɗana ya hutar da ni." Na matsa na ce a hankali, "Baba, da ka bari ka fara gwada sabon tukuna." Ya yi min kallon nan da ka sani, na ja bakina.

Yanzu haka yana zaune a kan benci kusa da keken ɗinkina, ya ce in rubuta maka godiya. To, na rubuta. Ya ce in ce Allah ya yi maka albarka. Na ce. Babur ɗinka kuwa, kullum Baba yana jikinsa tun safe, ba ya yarda ko yaro ya taɓa madubin. Sauran bayani sai wani jiƙon, yanzu ana kallon hannuna.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin jin kuna lafiya, ki rage ɗinki saboda idon.

Takardarki na karanta wa abokan aikina a wurin cin abinci, har wani ya ce shi ma zai saya wa tsohonsa. Kyautar da Baba ya yi wa Dogo ta burge ni, halinsa ke nan. Kin ce kullum yana jikinsa tun safe, to ki ce masa ya riƙa hutawa, kada daɗin tuƙi ya sa ya zarce gari na gaba. Ya riƙa sa hular kwano, ya riƙa shafa wa sarƙa mai. Me Baffa ya ce da ya ji ƙarar sabon injin? Na san ya shafa shi daga kai har wutsiya.

Na lura ba ki ce komai ba daga bakinki. Na san ki, in abu ya yi kyau ba kya iya yabo. Ba komai, na yafe.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da ta biyu.

Ka yafe? Kai ne ma mai yafewa? Na karanta takardarka a shago, sai da na ajiye almakashi don kada in yanka yadin mutane. Na ce maka yana jikinsa, ban ce yana kansa ba. Wanke shi yake yi! Kullum da safe da bokiti da tsumma, ya goge tanki, ya goge madubi, ya turo shi ƙofar gida da taimakon maigidana, ya zauna a gefe yana amsa gaisuwa. Da yamma a mayar da shi. Tsakar gida ta zama tasa, shanyar ma sai na kai bayan ɗaki.

Ka auna tanki, ka auna taya, ka auna rafi. Ubanka fa, ka auna shi? Ka manta kai tsawon dangin marigayiya Mama ka ɗebo, shi kuwa ko labule zai rataya sai ya taka kujera? Sirdin babur ɗin nan a haƙarƙarinsa yake. Ga ƙugu, ba ya iya ɗaga ƙafa ya ƙetara.

Ka san Baba tsohon kafinta ne. Sai ya zaro zarto ya ƙera ɗan matakali, ya yi masa fenti baƙi wai don ya dace da babur ɗin. Ya taka, ya hau, ya zauna, ƙafafunsa na reto kamar na yaron da aka ɗora a kan tebur. Na ce, "Baba, in ka je inda za ka tsaya, wa zai biyo ka da matakalin?" Ya ce ni ɗinki na sani.

Rannan da hantsi ya tayar da shi, maigidana ya riƙe masa baya har ya ɗaga. Ya tafi tiryan-tiryan har bakin titi, sai ga motar ruwa ta gitta. Ya kama birki, ya nemi ƙasa da ƙafa, babu ƙasa. A hankali suka kwanta shi da babur ɗin, a gaban shagon mai aski, inda duk zaman banzan unguwa yake. Sai da maza suka taru kafin a ɗaga masa shi daga ƙafa, don nauyinsa ya yi na saniya. Allah ya tsare, gwiwa ce kawai ta kuje. Ya miƙe yana kakkaɓe riga yana cewa birki yake gwadawa, kuma birkin yana da kyau. Ina tsaye ina ji, kunya kamar in nutse.

Tun ranar bai sake hawa ba. Zama ya kashe batir, kuma abin naka ba shi da kik, sai maɓalli. Bakaniken unguwa ya leƙa ya ce shi bai taɓa buɗe irinsa ba, in wani abu ya lalace sai an aiko daga inda aka sayo. Mai shagon naka ya ce kada ka damu, ai gaskiyarsa, ba kai ke damuwar ba.

Abin da ya fi ci min rai, Baba bai je wurin Baffa ba tun ranar da kayanka ya sauka. Na ce ya hau na haya, ya ce a gan shi a bayan wani alhali ga na ɗansa a ƙofa, ai sai a ce abin banza ka aiko. Fuskarka yake karewa. Ya kuma hana ni gaya maka, ka ga na bi umarni.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ku, ina yi wa Baba sannu da gwiwa. Ni ma ban ji daɗin jikina ba kwanan nan, amma bar wannan.

Gaskiya takardarki ta yi min zafi. Mutum ya matse bakinsa ya yi abin arziki, a rubuto masa kamar ya yi laifi. Da kin faɗa tun farko ai da ban zama abin dariya a wurin abokaina ba.

Kuma abin bai kai yadda kike zuzutawa ba. Na koma wurin mai shagon, ya ce kowa haka yake farawa da irin wannan babur, sabo ne kawai. Ya ce a kai wa mai gyaran kujeru ya rage soson sirdin. Na kuma sayi takalma masu kaurin ƙasa, irin na masu doguwar tafiya, suna ƙara tsawo sosai, za su iso tare da takardar nan. Batir kuwa caji ne kawai. Baffa a riƙa kiransa a wayar matarsa Inna kafin Baba ya saba.

Za mu shiga ruwa, zan daɗe ban fito ba. Ki yi haƙuri da babur ɗin, wallahi mai kyau ne.

Auta

*

Auta,

Allah ya ba ka lafiya, ban so jin ba ka jin daɗi ba. Mu muna nan, gwiwar ta warke.

Takalma sun iso. Lambar ƙafarka ka sayo. Baba ya cusa tsumma a ciki ya saka, ya yi taku daga gado zuwa ƙofa kamar mai tafiya a cikin taɓo, ƙugun ya amsa, ya zauna. An rage soson sirdin har ƙarfe ya kusa fitowa, yanzu babban yatsansa na shafar ƙasa in ya karkata. Ga sakamakon shawararka.

Ban ce babur ɗin ba shi da kyau ba. Mai kyau ne, na wani ne.

Yanzu ka saurara, don ba wasa na zo yi ba. Na rufe shago na hau na haya na je wurin Baffa. Auta, ya rame. Inna, matarsa, ta ja ni kicin ta ce abinci sai ta yi da gaske yake cin loma kaɗan. Na shiga na gaishe shi, ya amsa a ciki. Can ya ce, "Me na yi wa ubanki?"

Na ce ba komai, Baffa.

Ya ce, "Ke yarinya, ido na rasa, ba kunne ba. Na san kukan babur ɗin ubanki kamar yadda na san tarinsa. Tun daga rafi nake jinsa, in ya kama hawa yakan shaƙe sannan ya ci gaba. Sai in ce a fitar min da kujera. Ina zaune ina ji ya taho, ya taho, ya wuce. Da yamma kuma ya kira ni a waya wai ƙugu ne ya hana shi fita."

Ka gane? Dogo ne ke bin hanyar da burodinsa a kan tsohon babur ɗin. Inna ta gaya masa, ya ce, "Babur ɗin da ko ni da idona ban taɓa samun aronsa ba, shi zai ba mai burodi? Ku nemi wata ƙaryar." Na ce masa kai ka aiko da sabo. Ya ce to madalla, me ya hana sabon zuwa? Nan na kawar da zancen, don ba zan tsaya a gaban yayansa in ce ubana ya kasa hawa babur ba.

Na yi dabara na roƙi Dogo ya tsaya ya gaishe shi, ko zai yarda. Dogo ya tsaya, har da kyautar burodi. Baffa ya ce wato yanzu ɗan aike ake turo masa, ya sa aka mayar da burodin. Tun ranar ya hana a fitar masa da kujera. Na dawo na gaya wa Baba duka, ya shiga ɗaki bai ci abincin rana ba, da safe kuma ya fito da bokitinsa. Tsofaffi biyu, kowa na ramewa a gidansa, saboda tulin ƙarfen da ke tsakar gidana. Takaici kamar ya kashe ni.

Mafita ɗaya na gani. Baba ba zai karɓi abin da ya bayar a gaban jama'a ba, ka san wannan. Amma in ya ƙara wa Dogo kyautar da ta fi ta farko, Dogo ya kawo tsohon ya ce ba shi da wurin ajiye biyu, ba wanda ya ji kunya. Na yi magana da Dogo, har rawar jiki yake. Ƙafarsa na kaiwa ƙasa har da saura, akwatunan gefen kuwa ya riga ya ƙiyasta burodin da za su ci. Baba ne ya ce kyautar ɗansa ba ta fita gidan nan sai da bakin ɗansa.

Don haka ka rubuto masa, kamar daga kanka tunanin ya fito. Na san zai yi maka ciwo. Amma ka tuna abin da ka rubuto min da hannunka, wai kamar don kai aka ƙera shi. Ai don kai aka ƙera shi.

Yayarka

*

Auta,

Lafiya dai? Shiru ya yi yawa. In kana ruwa ne, Allah ya fito da kai. In kuwa fushi ne, ka ajiye shi ka ɗauka daga baya, zan jira ka.

Inna ta kira, Baffa ya kwanta da zazzaɓi, an kawo masa mai allura. Da sauƙi, amma ko sunan Baba ba ya so a ambata. Baba ya ce zai tafi da ƙafa daga rafi, na ce da wane ƙugun? Jiya na kama kaina ina kallon babur ɗin ina tunanin inda zan sami ashana.

Layi biyu kawai nake nema.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ku, ina yi wa Baffa sannu. Ba fushi ba ne, jiya muka fito, na tarar da takardunki biyu tare. Na karanta a tsaye a bakin ofis, ban iya zama ba.

Gaskiya ne, da nake zagaya harabar shagon, kaina nake gani a hanyar rafi in na zo hutu. Ban so ki faɗa ba, amma kin faɗa.

Ga takardar Baba a ciki. Na ce masa na ji labarin wahalar Dogo a hanyar nan da kaya, ina roƙonsa ya taimaka ya ba shi babban, shi ya fi buƙatarsa. Ki karanta masa da murya mai daɗi, ba irin wadda kike rubuto min da ita ba. Takardun babur ɗin suna cikin akwatin hagu. Ki ce wa Dogo ya yi gwaji a fili kafin ya ɗora kaya, kuma ya nemi bakaniken da ya san irinsa tun kafin ya buƙace shi.

Ki rubuto da wuri.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, yara na gaishe ka. Idona ya yi sauƙi, na kuma dawo da shanyata tsakar gida.

Na karanta wa Baba takardarka. Da na gama ya ce, "Yaron nan akwai tausayi." Ya sake sako rigar fita, ya miƙa wa Dogo makulli a gaban shagon mai aski, daidai inda ya faɗi. Dogo ya yi nasa yadda muka shirya, ya turo tsohon ya ce ɗakinsa ba zai ci biyu ba. Baba ya ce to a bar shi nan, ba don yana so ba. Dogo na juya baya Baba ya durƙusa yana duba sarƙa, yana faɗa wai an kashe masa birki, wai sirdin warin yis yake. Rabon da in ji yana masifa da daɗi haka, na manta.

Washegari ya ce in hau mu je. Muka tafi muna gargada, hanjina kamar zai fito, tsohon gwangwanin na tari. A bakin rafi ya tsaya ya sauke ƙafafunsa biyu a ƙasa, ba don komai ba, ya daɗe a haka. Da muka kama hawa babur ɗin ya shaƙe, sannan ya ci gaba.

Ba kujera a ƙofar gidan. Inna ta ce min daga baya, tun daga rafi Baffa ya ji, ya juya fuska bango. Baba ya tsaya a ƙofa ya bar injin yana kuka, bai sauka ba. Sannan ya kashe.

Gidan ya yi tsit. Can muka ji muryar Baffa daga ɗaki, a shaƙe, yana cewa, "Ya tsaya ne?"

Inna ta ce ya tsaya.

Ya ce, "Fitar min da kujerar."

Muka riƙo shi ya zauna. Baba ya durƙusa a gabansa ya gaishe shi, bai amsa ba, sai ya ce, "Ka gama wucewa?" Ina jira in ji wace ƙarya za a yi, ƙugu ko birki. Sai Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaro ne ya aiko min da babur, ƙafata ba ta kai ƙasa ba."

Sai kafaɗun Baffa suka fara rawa, ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, ya lalubo kan Baba ya dafa ya ce, "Yaushe ta taɓa kaiwa?" Ni dai kicin na gudu, don hawaye ya zo min. Ranar ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari.

Muna shirin tafiya sai ga Dogo ya taho a kan naka, akwatuna cike da burodi, yana ratsa ramuka kamar ba ramuka ba. Baffa ya karkata kunne ya ce wannan kuma jirgin waye? Aka ce na Auta ne. Ya ce a gaya maka ya ji, yana da murya, amma shi muryarka yake nema.

Takalman suna nan a ƙarƙashin gadon Baba, na cire tsumman. Daidai ƙafarka ne, sai ka zo ka saka.

Yayarka